Gurbi na Uku

Da assalatu na buɗe firji,
Na duba ma'auni, sanyi na nan,
Na jera kwalabe cikin akwati,
Ƙanƙara huɗu, auduga, sirinji,
Ko koko ban tsaya na sha ba.

Shafi na sha tara, layi na shida:
Sagiru ɗan Huwaila, Unguwar Masunta.
Allura ta farko na sa hannu,
Ta biyu ma, ran kasuwar Auyo.
Gurbi na uku fari fat,
Wata biyu bai daina kallona ba.

Mai unguwa ya ce sun tashi,
Ambaliya ta ci katanga, ta ci rumbu.
Sanƙira ya yi shela har murya ta dushe,
Ita kuwa shela ba ta koyi iyo ba.

A takardar da nake aikawa ofis
Sagiru ɗigo ne cikin lissafi,
In ya ɓace, jimla ba za ta rame ba.
Ni na san tawadar Allah a kunnensa,
Ni ya jiƙa wa zane ran farko,
Alƙalami bai rubuta wannan ba.

Babur ya sauke ni inda hanya ta nutse.
Tasi'u mai kwalekwale ya ce ɗari biyar,
Ya dubi akwati, ya ce, "Shigo kawai."
Kacala ta toshe mashigi,
Yana tura gora, rana na hawa,
Ni kunnena na jikin murfi,
Ina jin ƙanƙara na komawa ruwa,
Ga tudu can, ba mu kai ba.

Bukka bakwai, hayaƙi, kifi a shanya.
Huwaila ta miƙe: "Malama, har nan?"
Ta shiga ta fito da ƙullin leda,
Leda cikin leda, sai ga kati.
"Kuɗin fito ne ya gagare ni.
Ruwa ya tafi da akuyata da tabarma,
Wannan kam ban ba shi ba."

Sagiru ya tsala ihu, nono ya rarrashe shi.
Na cike gurbi, na hura tawada.
Kafin in ɗaure akwati
Mata huɗu sun tsaya da goyo,
Ko ɗaya littafina bai sani ba.

Tasi'u na kira, hadari ya haɗo gabas,
Ƙanƙara saura guda da rabi.
Na juya shafi, na ce, "Sunan yaro?"
Ya jira ni, ban gama ba.