Almakashin Herminia

A tudun Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
kamar masu leƙen wani abu a teku,
akwai ɗaki marar taga, sai ƙamshin kofi da warin tsohon faifai.
Nan Herminia Quilodrán ta zaunar da ni gaban allo,
ta ce, "Eleodoro, me ka gani?"

Na ce mace ce a zaune,
mijinta ya fita kamun kifi, yau kwana tara shiru.
Na ce jarumar ta iya baƙin ciki.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Wannan fuskar ranar Talata aka ɗauke ta,
haƙori ke damun yarinyar, jira take a tashi.
Ni na ajiye kofi biyu a gabanka, ɗaya wayam,
na bar su daƙiƙa uku a idonka,
sannan na miƙo maka fuskar.
Baƙin cikin, kai ka zo da abinka daga gida."

Ta mayar da faifan baya.
Ruwan da aka zuba ya tashi ya koma cikin buta.

"Yanzu dubi inda kyamara ta tsaya.
Ba ta kai tsayin teburin ba.
Wa ke kallo daga nan ƙasa?"
Na yi shiru.
"Yaro ne. Ba a nuna shi ba ko sau ɗaya,
amma tun farkon labari cikin idonsa kake zaune,
haya kake yi, ba ka sani ba."

Ta kashe sauti.
Ɗakin matar ya zama hoton bango, ba rai.
Ta kunna, sai ga kukan jirgin ruwa can nesa,
ga famfo yana ɗiga, ɗis, ɗis,
ga ƙwanƙwasa ƙofa ta riga ƙofar isowa.
"Kunne ke shiga gaba," in ji ta,
"ido ɗan rakiya ne."

Muka yini a kan minti huɗu.
Hasken da ya raba fuskar gida biyu,
rabi na jira, rabi ya riga ya sani.
Rigar ruwan nan rawaya da aka rataye a fitowar farko,
wadda na ɗauka kayan ado ce,
ashe bashi ne labari ya ci,
sai a ƙarshe zai biya.
Hoto ashirin da huɗu a daƙiƙa guda,
ita kuwa kan guda shida ta taɓa yin gaba da darakta
har mako biyu.

Da yamma ta ciro gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur.
Guntayen faifai ne a nannaɗe kamar saɓar maciji.
Ta ɗaga ɗaya wajen fitila:
ga mijin nan yana hawo matakala,
jiƙe sharkaf, yana murmushi.

"Ashe ya dawo!"
"An ɗauka dai. Ni na yanke."
"Don me?"

Ta daɗe tana goge tabarau da bakin rigarta.
"Wanda ya taɓa jira ya san ƙarya in ya gan ta.
Yayana ma da rigar ruwa ya fita."
Ta rufe gwangwanin, ta ce in ja mata ƙofa.

Na gangaro tudu, fitilun tasha suna kamawa ɗaya bayan ɗaya.
Wata tsohuwa a taga, wani kare, wani jirgi yana fita.
Na kama kaina ina jera su,
ina tambayar wanne zan sa kafin wanne,
da kuma a ina
hannuna zai yarda ya yanke.