Mai Goge Tabarau

Shekara talatin da ɗaya
ina riƙe da makullin ɗakin ƙasa
a makarantar likitoci ta Tibilisi.
Sunana Shalva, mai tsaron gawawwaki.
Matata Mziya ba ta bari in shiga gida
sai na tuɓe rigar aiki a bakin ƙofa.
Ta ce warin famalin yana riga ni gaisuwa.

Bana suka hau da ni bene na uku.
Farin ɗaki, babu tebur, babu wuƙa,
tabarau ashirin rataye a bango.
Aikina yanzu in goge gilashi, in sa caji.

Ɗalibai su shigo da dusar ƙanƙara a kafaɗa,
su rufe ido da na'ura, su miƙa hannu
suna laluben iska
kamar masu neman ashana an ɗauke wuta.
Farfesa Lomidze ta ce, "Ku buɗe ƙirji."
Hannu arba'in suka ɗaga haƙarƙarin da babu shi.
Badri ya ciro hanta, ya juya ta, ya mayar,
ya tsinke jijiya bisa kuskure, ya yi dariya,
ya danna, ta koma ta haɗe.
A ƙasa in ka yanke, ka yanke ke nan.

Wata biyu ina cika ina batsewa.
Ni na san mutanena:
kafintan da ya zo da yatsa tara,
direban jirgin ƙasa mai huhu kamar gindin tukunya,
tsohuwar da zuciyarta ke ɓangaren dama,
ta ruɗa aji guda, sai da aka kira shugaban sashe.
Wannan na cikin gilashi ko tabo ba shi da shi.
Bai taɓa shan taba ba, bai taɓa cin bashi ba,
babu wanda ya yi masa kuka.

Ran nan da yamma, kowa ya watse,
Gvantsa ta dawo neman safar hannunta,
ta same ni ina jujjuya ɗaya.
"Baba Shalva, saka mana."
Na saka.

Sai ga ni tsaye cikin kunnen mutum.
Dodon kunne ya kai ƙofar coci tsayi.
Ƙasusuwan nan uku da nake tsinta da hantsaki,
ina riƙe numfashi kada su tashi,
ga su bisa kaina suna taɓa juna,
sauti na shiga, ruwa na rawa cikin katantanwa.
Ban taɓa ganin suna motsi ba.
Nawa duk shiru suke zuwa.
Gani ya kori ji, har a cikin kunne.

Da na cire, gilashin ya yi raɓa.
Na ce zafin ɗaki ne.
Ta ce, "To ba ni hannunka, gobe jarrabawa."
Ta kama wuyan hannuna tana neman bugun jini
daidai inda na'ura ta nuna mata. Babu.
Ta matsa kaɗan. Babu.
Yatsunta suka fara rawa.
Tawa jijiyar tun haihuwa ta kauce,
ta zaga ta bayan babban yatsa.
Ban faɗa mata ba. Na bar ta ta nema
har fitilun bakin kogi suka kunnu.
Da ta samu ba ta ce uffan ba,
ta dai ƙi saki.

Da safe na sauka ofis,
na karɓi takardar da na sha miƙa wa wasu,
na sa hannu.
Mziya ta ce, "Ko bayan rai sai ka koma wurin?"
Na ce su fara da na gilashi,
su yanke, su mayar, su yi dariyarsu.
In sun ƙoshi, su sauko ƙasa.
Ina tebur na biyu, kusa da famfo,
da jijiyar da ba ta kan hanya.