Ta Girme Ni

A rumbun wani makiyayi na same ta, can wajen Tarariras,
kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
ciyawa ta tsiro ta ramin birki.
Ya ce, "Heber, in ka janye ta, ka rage mini shara."
Na ba shi kuɗin maraƙi ɗaya,
ya yi mini dariya har da hawaye.

Ford ce, ƙirar alif ɗari tara da talatin.
Ta girme ni da shekara goma sha tara,
shi ya sa ba na ɗaga mata murya.

Shekara shida ina kwance a ƙarƙashinta,
tsatsa na zubo mini a ido kamar garin barkono.
Nélida kan miƙo ƙoƙon shayin mate ta gefen taya,
ta ce, "Sha, kafin ka manta kana da baki."
Murfin lagireto kaɗai ya ci mini shekara uku.
A kasuwar tsofaffin kaya ta Montevideo na gan shi,
wata tsohuwa ta danne takardu da shi don kada iska ta kwashe.
Ban iya ciniki ba,
rawar hannuna ta riga ta tona ni.

Ran Lahadi ba a yi mata garaje.
A buɗe mai, a taka a hankali, a kasa kunne.
Takan yi tari biyu, ta yi jim kamar mai neman wata kalma,
sannan tuk, tuk, tukutuk-tuk,
karen maƙwabci ya ɗauki haushi,
unguwa ta san gari ya waye.

Mu bakwai ne ke haɗuwa a bakin kogin da ba a hango ƙetarensa.
Wilmar da Chevrolet mai launin madara,
likita Aníbal da tasa mai ɗigar baƙin mai duk inda ta tsaya,
ya rantse ba yoyo ba ne, sa hannu take yi.
Mu jeru a kan kwalta, kilomita arba'in a awa,
iska na shigowa ta duk inda ta ga dama,
ƙanshin turare da fetur da fatar kujera sun haɗu a hanci.
Manyan motoci su wuce mu fuu,
yara a ciki suna ɗaga hannu ta gilashin baya.
Su suna zuwa wani wuri.
Mu mun riga mun iso.

Ba ta da rediyo, ita ce labarin.
Ta sitiyari take gaya mini inda hanya ta tsage,
ta tafin ƙafa nake jin in tana ƙishi.
In ta mutu a hawan tudu, ba abin kunya ba ne:
mota shida su tsaya, bonet a ɗage,
kawuna bakwai masu furfura a kan fulogi ɗaya,
kowa na faɗin abin da mahaifinsa zai yi.

Wani mai kuɗi ya ƙetaro daga Buenos Aires,
ya shafa ƙofarta, ya faɗi adadin da zai sayi gida.
Na tambaye shi ina zai kai ta.
Ya ce ɗaki mai fitilu, ƙura ba za ta taɓa ta ba.
Na ce ai na taɓa ciro ta daga kabari sau ɗaya.

Yanzu idona ya fara hazo da yamma.
Jikata Maite ce a bayan sitiyari,
harshe a waje, tana kokawa da giya ta biyu.
Ƙarrr! Haƙorana suka amsa.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na ga motar ta yi gyatsa, ta gyara murya, ta ci gaba.
Wadda aka yi wa laifin ta yafe,
ni kuwa ɗan rakiya, na rungume ƙoƙona
na bar su suna sabawa.