Ƙodago

Na dawo Auyo da tsohon ƙamus daga Dutse,
gara ta ci gefensa, bangon ya sha hannu.
Can wajen shafi na ɗari uku
na tsinci wata kalmar Turawa
an yi mata alama: tsohuwa ce, an daina faɗa.
Ma'anarta, mai noma a gonar wani.

Na karanta wa Kaka Nomau a gindin goruba,
yana wasa bakin fartanya.
Bai ɗago ba.
Ya ce, "Da kalmar ta mutu,
wa ya ci gaba da yi musu noman?"
Na bi shafin da yatsa har ƙasa.
Ƙamus ya yi gum.

"To tamu fa?" na ce. "Ƙwadago, ina ta samo asali?"

Inna Dije ta tsai da taɓarya:
"Daga kwaɗayi mana!
Kwaɗayin sulai biyu ya kai shi fadamar Alhaji Sambo
damina goma sha ɗaya,
tasa gonar kuwa ƙarangiya ta gaje ta."

Kaka ya yi dariya har da tari.
Ya laluba ƙasa, ya ɗauko ƙwallon goruba
wanda yara suka gaigaye suka yar.
"Riƙe.
In an cinye zaƙin, wannan ke saura.
Ƙodago sunansa.
Haƙori ba ya shigarsa, sai dai dutse.
Ban ce daga nan ta fito ba,
ban yi boko ba, kar ka rubuta.
Na dai san kunu a ƙwarya ɗaya mu bakwai,
na san kunya ɗari kafin azahar,
na san lada da ake cewa sai ran kasuwa,
kasuwa ta ci, ta watse, ta sake ci."

Ya buɗe tafin hannunsa.
Kanta ta yi layi-layi
kamar gonar da aka gama huɗa.

Da asuba a-kori-kura ta yi ham a bakin masallaci,
masu yankan shinkafa suka ɗare baya,
har da ƙanena Ilu, da lauje a hammata,
gyauton tuwo a leda.

Na cusa ƙodagon tsakanin shafukan nan
don kar wurin ya ɓace mini.
Har yau ƙamus ɗin ya ƙi rufuwa.