Ta Uku a Cikinmu

Ƙarfe biyun dare muka tashi daga Bardufoss,
ni da Sindre, da wadda ba ta da kujera.
Wani kurtu ya karye a bisa tsauni,
sanyi na cin sa tun daga yatsu.

Ita dai aikinta kallona.
Daga cikin kwalkwali take ƙirga ƙiftawar idona,
tana sauraren numfashina,
ta san nauyin hannuna a kan sanda
fiye da yadda ni na san shi.

Muna shiga kwazazzabo komai ya taso min haiƙan:
dusar ƙanƙara ta toshe gilashi,
hasumiya na kira, likita na kira daga baya,
jar fitila ta kama a injin hagu,
Sindre ya nutse cikin littafin gaggawa.
Can gaba kuma akwai wayar lantarki
da aka ja daga dutse zuwa dutse,
siririya, baƙa, ba ta sallama.

Hannu biyu gare ni. Aiki bakwai.

Ban roƙa ba. Ban ma san na cika na batse ba.
Sai na ji hayaniya ta janye daga kunnena.
Ta amshe rediyo, ta ce wa hasumiya ta dakata,
ta ɗauke lissafin mai,
ta share allo tas, ta bar mini layi ɗaya
da kalmomi uku: waya, dama, hau.

Na hau.
Farfela ta yi gurnani,
wayar ta wuce ƙarƙashinmu kamar ba ita ba.

Bara a atisaye mun yi tsiya da ita.
Atishawa kawai na yi, ta fizge mini taswira.
Na ce wa injiniya Oddveig,
ku raba ni da wannan sarauniyar shisshigi.
Oddveig ta kurɓi kofinta, ta ce dama
zo mu zauna, zo mu saɓa.

Da muka ɗauko yaron, ƙirjina ya lafa,
sai ta shiga mayar mini da kayana ɗaya bayan ɗaya
kamar maƙwabciyar da ta yi aro:
ga rediyonki, ga manki,
ga taswira, Ragnfrid.

Da asuba aka miƙo takardar rahoto.
Gurbi ɗaya ne: sunan matuƙi.
Na rubuta nawa.
Alƙalamin dai ya ɗan jima a sama
kafin ya sauka.