Rijiyar Kowa

Nomau ya miƙo min makullin manhajar
a teburin mai shayi, bakin tashar Jega.
"Shekara tara," ya ce. "Idona ya gaji."
Ya wuce duba albasarsa.

Da dare na buɗe, janaretan maƙwabci na tari:
ƙorafi ɗari biyu da sha ɗaya.
Wani, daga ƙasar da ban iya faɗin sunanta,
yana faɗa: yaushe za a gyara?

Rijiya ce ba murfi, kowa da gugansa,
ba mai tambayar wa ke yashe ta.

A layi na dubu uku
na tsinci rubutunsa:
"Kar a taɓa nan. Ni ma ban gane ba."

Na yi dariya ni kaɗai.
Na naɗe ƙafar wando, na sauka.