Ƙullina Biyu Ne

Yau na sa Ihlas ta jawo min akwatin ƙarfe
daga ƙarƙashin angarib.
Tsatsa ta kama bakinsa, sai da wuƙa ya buɗu.
Ƙamshin turaren wuta na shekara goma sha ɗaya
ya riga kowa fitowa,
a bayansa ga su nan, ɗaya kan ɗaya kamar kisra a faifai:
faci arba'in da uku,
kowanne faɗin tafin hannu biyu.
Tamanin na yi niyya.

Bargo na ce zan haɗa mana, ni da Malam Tukur,
saboda sanyin da ke hawowa Maiwurno daga bakin Bahar
in an gama cirar auduga.
Shi bai jira ba.
Idona ma bai jira ba,
kafar allura ta zame min ƙofar da aka toshe da laka.
Likitan Sinnar ya ce yana ce.
Na ce masa, ɗana, ko madara in ta huce yana take yi.

Sai na aika a kira su.
Bayan la'asar suka zo, aka dasa jabana a kan gawayi,
citta ta cika rumfa.
Batula ta fara miƙo hannu, ita dama ba ta da ta ido.
Na ba ta bakwai masu ruwan karkade,
ragowar tob ɗin da akuya ta ci wa gefe a kan igiyar shanya.
Sittana, wadda ɗinkinta ya fi nawa kyau,
ko da yake bakina bai taɓa yarda ba,
ta ɗauki ɗaya, ta kifa shi, ta yi shiru.
Na san me ta gani:
inda farin zare ya ƙare min, na ci gaba da baƙi,
na ce ai baya ne, wa zai duba?
"Warware in kin ga dama," na ce.
Ta ce, "Bari dai, in riƙa tuna ke ma mutum ce."
Muka yi dariya har Batula ta ƙware.

Goma sha biyu farare daga jallabiyarsa suke,
har da na wajen aljihu, inda tawada ta zube
ranar da ya rubuta wa ƙanensa wasiƙa zuwa Gadarif.
Waɗannan hannuna ya ƙi saki.
Na danne su a cinya har kofi na uku ya huce,
har aka fara neman takalma,
sannan na tura su gaban Kubura,
wadda sai bara ta koyi riƙon allura,
yatsunta duk huji.

Sharaɗi ɗaya na gindaya musu:
kada wadda ta mayar da su akwati.

Da dare na shafa cikinsa, wayam,
sai maɓalli ɗaya da busasshen kyankyaso.
Ihlas ta ce za ta zuba littattafanta. Na ce zuba.

Wata biyar bayan nan, a bencin asibiti,
muna layin masu jiran a kankare musu ido,
wata mata da ban san muryarta ba ta ce,
"Hajja, riƙe min shi in karɓo kati."
Ta ɗora min jariri, ɗumi kamar gurasar safe,
a naɗe cikin wani abu mai kauri.
Yatsana ya bi gefen da kansa,
ya wuce ɗinkin wata mai gaggawa,
ya wuce na wata mai tsoro,
sai ya tsaya.

Kowa ƙulli ɗaya take yi a ƙarshen zare.
Ni biyu nake yi, tun ina yarinya ake min faɗa a kai.

Ban ce mata komai ba da ta dawo.
Na dai tambaye ta sunansa,
na ce ta ƙara rufe masa ƙafa.